Marafan Kwalba a Tire

Yayana bai taɓa ɓoye cewa ya tsani yaron da ke tambayar "me ya sa" ba. Shekara arba'in yana koyar da lissafi a aji uku, da waƙa da bulala. Bana aka sauya manhaja, aka ce dole yaro ya nuna yadda ya samo amsa. Mai makarantar ta ce ranar Litinin za ta zauna a bayan ajinsa, in bai iya sabon tsarin ba, ya ajiye alli. Ranar Asabar ina ɗinka maɓalli a baranda, shi yana zaune kusa da ni, sai ga jikarsa, wadda aikinta horar da malamai ne, da leda tana kacau-kacau.

"Lafiya lau, amarya," in ji shi. "Alli na aike ki ki sayo, kika kwaso mini bola?"

"Sadakinka na dawo maka da shi, tsoho. Ba na zama da mijin da za a kora jibi."

Ba wanda ya yi dariya. Ta zazzage marafan kwalba a tire, ta tura gabansa. Ya ce shi ya koya wa ubanta ƙirga yatsunsa, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ta ce tasa zumar ta daskare a kwalba, sai an ɗumama.

"Bakwai sau takwas?" in ji ta.

"Hamsin da shida. Ko daga kabari aka tashe ni."

"Me ya sa?"

Na ga idonsa ya kai kan bulalar da ke jingine da ƙofa. Ya ce haka Allah ya yi shi. Ta ce jibi wata 'yar ficiciya za ta ɗaga hannu ta yi wannan tambayar, mai makaranta na zaune da biro.

"Jera mini, in ga ko gemun na ado ne."

Ya jera: layi bakwai, kowanne marfi takwas. Ta kama bakin tiren ta juya shi gefe.

"Yanzu fa?"

"Takwas sau bakwai. Wannan waƙar zango na biyu ce, mara kunya."

"Na ƙara marfi? Na rage?"

Ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa da ɗan yatsa. Ya juya tiren da kansa, ya mayar. Ta kowane gefe, hamsin da shida ne dai.

"Waƙa biyu nake sa su haddace," ya ce a hankali. "Na zane yara a kan ta biyun."

Na ce masa har da ɗana ya zane, kuma ban manta ba. Bai kalle ni ba. Ya tashi ya ɗauko bulalar, ya ɗora mata a cinya.

"Ga tukuicinki. Aure yana nan."

"Gidan tarihi zan kai ta. Kai ma sun ce in kawo ka."

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya tambaye ta marfi nawa kowane yaro zai buƙata, ya lissafa da ka, ya ga ledar ba za ta ishi yaran layin gaba ba ma. Sai ya leƙa tsakar gida ya ɗaga murya.

"Duk wanda ya sha lemo a gidan nan kafin Litinin, don Allah kada ya yar da marfin. Ku gaya wa maƙwabta ma."