Dutsen Malama a Kan Bandar Inna

Ba zan taɓa mantawa da ƙarnin ranar nan ba. Ina koyon aikin koyarwa a wata sakandare a Wara, malamarmu ta kwaleji ta ara mini wani ɗan dutse da ta zo da shi daga ƙasar waje. A jikinsa akwai sawun tsiro mai siraran rassa, ba ganye ba saiwa, cikin na farkon da suka samu jijiyar jan ruwa, shekara fiye da miliyan ɗari huɗu da suka wuce. Ta ce da shi zan yi darasi ranar da za ta zo ba ni maki, kuma in riƙe shi amana.

Da na kai gida Inna ta tambaye ni, "Mi na na kake ɓoyo?" Na ce ba za ta gane ba (ni a dole ɗan boko). Na ajiye shi a taga.

Ranar darasi na tashi ban ga dutse ba. Na ruga na tambayi Inna.

"Wanga ɗan falalen?" in ji Inna. "Ai shi nid danne ragar banda da shi, muzuru ya ishe ni."

Kwana biyu yana shan hayaƙi da man kifi. Na makara, sai na naɗe shi a takarda na hau acaɓa.

Na cika aji da bayani, har da cewa ƙwayoyin irin tsirran sun girmi sawunsu a duwatsu, Malama tana gyaɗa kai daga bayan aji. Ina warware takarda ƙarni ya tashi. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ashe tun wancan zamani ana banda?" Aji ya tuntsire da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Malama ta karɓi dutsen ta kai bakin taga. Ashe maiƙon ya sa rassan sun fito raɗau, har da 'yan kawunansu. Yara suka yi layi, hanci a toshe, suna rububin gani. Ta ba ni makina, ta kuma ce in wanke mata kayanta.

Da yamma na zauna na yi wa Inna bayani tiryan-tiryan. Ta ce, "Da ka hwaɗi tun hwarko, ai da cikin adaka zan sa shi."

Tun daga nan na gane, wanda ya raina fahimtar uwarsa, a gaban aji zai ji kunya.