Rasuwar Shuɗiya, Wadda Ranta Ke Ƙarƙashin Yatsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai warin fetur wanda sabulu ya gaza da shi, maigida da iyalinsa suna sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura ta, rasuwar motarsu wadda aka fi sani da Shuɗiya. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a bakin ƙofar tashar manyan motoci, bayan doguwar jinya, maigidan yana durƙushe a kanta.

Marigayiya ta zo gidan nan da tsufanta. Ta yi zaman gidaje da dama kafin nan, ba ta taɓa tona asirin ko ɗaya ba. Ba ta da kwaɗayin mai, ba ta da girman kai. Ta ɗauki buhunan siminti, ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki firjin maƙwabci wanda har yau bai ce an gode ba. Amma abin da aka fi tunawa da shi muryarta ce. Idan an murɗa makulli, kafin inji ya tashi, sai a ji wani siririn amo daga ƙarƙashin kujerar baya: ziiiii. Famfon mai ne a cikin tanki yake tura fetur gaba. Maigida yakan ɗaga yatsa a yi shiru har ta gama, sannan ya tayar. Kir-kir-kir, burum.

Ciwon ya fara ne da shiru. Wata safiya aka murɗa makulli, ba ziiiii. Kir-kir-kir ya zo shi kaɗai, burum bai biyo baya ba.

Maigida bai yi makarantar kanikanci ba. Abin da ya sani a ƙarƙashinta ya koye shi, ƙasa na zuba masa a ido. Ya duba fiyus, lafiyarsa lau. Ya bi jar waya da ƙwan gwaji har bakin tanki, ƙwan ya kama, wato wuta tana isowa. Tunda wuta na zuwa kuma famfo bai motsa ba, sai ya yanke wa famfo hukunci, aka cire shi aka sa sabo. Sabon ma ya yi gum. Da aka haɗa tsohon da batir kai tsaye, sai ya rera waƙarsa kamar ranar da aka ƙera shi. Maigida ya daɗe yana kallonsa. Ya hukunta marar laifi don kawai shi ya fi kusa da inda aka yi shiru.

Sai daga baya ya gane cewa wuta ba zuwa kawai take yi ba, dole ta koma. Hanyar komawarta ita ce baƙar waya, wadda masu wayarin ke kira at. Ya kankare tsatsa a inda take ɗaure da jikin mota, ya goge har ƙarfe ya yi fari, bai ji komai ba. Ya ja sabuwar waya tun daga batir har baya, shiru. Ranar da ya fid da rai, ya dafa murfin tanki da ke ƙarƙashin kujerar baya zai miƙe, babban yatsansa na dama ya sauka a kan ɗan harshen ƙarfen da baƙar wayar ke maƙalewa. Ziiiii. Ya ɗaga, ta yi shiru. Ya danna, ta amsa. Tsatsa ce ta cinye gindin harshen daga ciki, ba ya haɗuwa sai an danne shi.

An nemi magani, Allah ya sani. Mai walda ya ce shi ba ya kai wuta bakin tankin fetur, yana da 'ya'ya ƙanana. Masu kayan gyara suka ce murfi irin wannan kamfanin da ya yi shi ma ya manta da kamanninsa. Aka gwada maƙalin shanya, aka gwada robar tayar keke, aka gwada guntun katako da filaya. Duk suna riƙe ta muddin tana tsaye, amma ramin farko a kan titi sai ta shiƙe. Yatsa ne kaɗai ya iya da ita, don shi ne yake jin lokacin da za a ƙara ƙarfi, da lokacin da za a karkata hagu idan an sha kwana.

Haka aka cire kujerar baya, aka ajiye matashi don gwiwa, maiɗakinsa ta koyi tuƙi. Ita a gaba riƙe da sitiyari, shi a baya a durƙushe, fuska a ƙasa, hannun hagu yana dafe da jikin mota, na dama yana riƙe da rai. “Malam, rami!” in ji ta, sai ya ƙara dannawa. Ya daina ganin gari. Ya san titin kasuwa da gargadarsa, ya san kwanar asibiti da yadda haƙarƙarinsa ke bugun ƙofa. Idan hanci ya yi ƙaiƙayi sai haƙuri. Idan waya ta yi ƙara a aljihun dama, sai ta gaji don kanta. Maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya ake ganin maiɗakin tana yawo ita kaɗai tana magana da bayan mota.

A wannan durƙuson ya yi tunanin da bai taɓa yi a zaune ba. Shi ne mai motar, ko kuwa ya zama ɗaya daga cikin kayanta? Ya sayar da ita, ai ya yaudari mai saye, tunda yatsan ba zai bi ta ba. Ya ajiye ta a ƙofar gida ta ruɓe, ta yaya, alhali in ya taɓa ta tana amsawa? Ƙaninsa ya karɓe shi sau ɗaya, ta ƙi yatsansa tun kafin a fita layi. Maiɗakin ta ce, “Malam, mutane fa suna hawa bas, kuma ba su mutu ba.” Ya ce ya sani. Washegari ya koma kan matashinsa.

Ranar Litinin ɗin, autarsu ce za ta tafi wani gari mai nisa inda ta sami aiki. Ƙofar tasha wuri ne da ba a tsayawa. A sauke mutum a wuce, manyan motoci na biye suna huci. Auta ta fita da sauri, ta ja jakarta ta kan bayansa. “Baba, na tafi!” Abin da ya gani takalmanta ne kawai, sai ƙofa ta rufe, mota ta fara gangarawa. Ya miƙa wuya har ya hango ta ta gilashin baya. Tana tsaye da jaka a ƙafa, tana ɗaga hannu, tana leƙe, tana neman fuskarsa. Hannun hagu na riƙe da nauyinsa, in ya saki zai kifa.

Ya ɗaga na dama.

Auta ta gan shi, ta yi dariya, ta ɗaga hannu biyu. A ƙarƙashinsa ziiiii ya sirance har ya ɓace. Ɗan harshen ƙarfen, da ya rasa mai tallafarsa, ya karye ya faɗa cikin tanki. Kalmarta ta ƙarshe ke nan: tal. Direbobin da ke baya sun yi ta'aziyya da hon da wasu kalmomi waɗanda ba za su shiga wannan sanarwa ba.

Maiɗakin ta ce kwana ne ya ƙare. Maigida bai gamsu ba. Yana cewa wanda ya san abin da sakin hannunsa zai jawo, ya kuma saki, ba za a kira shi mai jinya kawai ba. Abin da ya fi damunsa shi ne, da ya fito ya miƙe tsaye a bakin tashar, ana zaginsa ta ko'ina, abin da ya fara ji a ransa daɗi ne.

Marigayiya ta bar maigida, da babban yatsa wanda ya baje kamar cokali. Ta bar maiɗaki mai lasin ba mota. Ta bar famfon mai guda biyu, dukansu lafiyayyu, dukansu marayu. Da kujerar baya wadda yanzu baƙi ke zama a kanta a falo.

Gawar tana gefen katangar tasha, inda bayin Allah suka taimaka aka tura ta. Motar janwe za ta ɗauke ta ranar Asabar da safe zuwa filin 'yan gwangwan, inda za a yi mata sutura da guduma. Masu rakiya su hallara a bakin tasha. Masu gaisuwa a yi musabaha a hankali.

Roƙo na ƙarshe daga maigida. An ji raɗe-raɗin cewa wani ya ga murfin tanki irin nata a wani gareji a bayan gari. Maigida ya san kansa: in aka faɗa masa wurin, zai je. Don haka duk wanda ya san garejin nan, ya dubi girman Allah ya yi shiru har a gama ranar Asabar.