Direban da Na Hana Mutuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da makonni shidan da na shafe ina ɗawainiyar wani direba, wanda kowa daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ya san ya riga mu gidan gaskiya, ban da mace ɗaya. Sunansa Isiya. Bai taɓa taka ƙasa ba, domin a cikin ƙagaggen labari yake, amma wahalar da na sha a kansa ban sha irinta a kan wani mai rai ba.

A lokacin ban daɗe da kammala digirina a fannin Hausa ba. Na dawo gida Ƙaura ina koyarwa ta wucin gadi a wata makaranta, ina kuma jiran duniya ta gano irin mutumin da ta samu. Ƙanwata Zainabu, wadda ke aure a Zurmi, ita ce ta saka ni a wani zauren masu karatu na wayar hannu (su "guruf" suke cewa, ni kuwa ban taɓa yarda wannan kalma ta fito daga bakina ba). A zauren akwai matan aure, da ɗalibai, da 'yan kasuwar hatsi. Kowace safiya wata malamar firamare 'yar Shinkafi takan saki kashi ɗaya na labarinta, labarin Isiya direban motar hatsi da matarsa Hansatu. Sauran jama'a sukan yi mata addu'ar ƙarin basira, su aika da hoton fuska mai kuka. Ni kuwa nakan zauna in tsara sharhi mai kanun magana, in bi jigo, in bi zubi da tsari, in bi salo. Kuma ban cika rufe sharhi ba tare da na ambaci digirina ba, don kada wani ya manta.

A gidanmu akwai Gwaggo Hajo, yayar mahaifina. Daga Dauran ta dawo wurinmu lokacin da zuwa gona ya gagara. Ba ta yi boko ba, ga shi kuma yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta ga inuwar mutum. Wata rana ta ji ina gunaguni a kan waya, ta tambayi abin da ya ɓata mini rai, na karanta mata kashi ɗaya domin ta ga aibin da nake gani. Ba ta ga aibi ba. Cewa ta yi in ƙara. Daga ranar ya zama ka'ida: bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, tana tsince wake da lalube, ni ina karatu. Takan ce wa maƙwabta, "Wanga yaro shi ne idona."

Ɗanta Bala direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Ƙaura da Zurmi. Saboda haka ta ɗauki Isiya kamar nata. Idan ya yi lodi a cikin labari, sai ta ce Allah ya kai shi lafiya, ta haɗa da Bala a addu'a ɗaya.

A kashi na goma sha tara taya ta fashe a kan gada, motar hatsi ta kife, Isiya ya mutu.

Zauren ya cika da kuka. Ni kuwa na rubuta sharhi kashi uku, inda na bayyana cewa kashe tauraro a tsakiyar labari rauni ne na tsari. Na ba da shawarar da na ga ta fi dacewa: ya karye a hannu, ya yi jinya, ya ɗauki darasi, ya zama abin koyi ga al'umma. Can da rana marubuciyar ta rubuto kalmomi uku, "Na gode, Malam," ta ci gaba da harkarta.

Da la'asar Gwaggo ta zauna da farantin wakenta, ta ce in yi sauri, jiya an bar Isiya a hanya. Na dubi wayar, na dube ta. Na gaya wa kaina cewa tsohuwar da ɗanta ke bin hanya kullum bai kamata ta ji wannan ba. Akwai gaskiya a cikin haka, amma tunda na ɗauki alƙawarin faɗin komai, tausayin bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran biyun haushin "Na gode, Malam" ne. Na gyara murya, na karanta har zuwa inda taya ta fashe, daga nan na kafa ido a kan wayar na ci gaba da faɗin abin da babu shi a ciki. Isiya ya karye a hannu. Gwaggo ta yi hamdala har sau uku.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ban yi tunanin cewa gobe ma akwai la'asar ba.

Washegari marubuciyar ta saki kashi na ashirin, gida cike da masu ta'aziyya. Na ƙudurta a raina cewa tunda na fara, ba zan yi aikin rabi ba. Na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin. Kullum bayan sallar asuba nakan karanta kashin ranar, in zauna in yi masa tiyata, in kwafe cikin waya domin a gan ni ina karantawa daga inda aka saba. Masu ta'aziyya na mayar da su masu dubiya. Takabar Hansatu na mayar da ita zaman jinyar miji. Da ta fita takaba ta karɓi cinikin hatsi a hannunta, na ce hannun Isiya ne bai gama ɗoruwa ba. Da wani Alhaji ya fara zuwa neman aurenta, na mayar da shi mai sayen masara (mai sayen masarar da ke zuwa da turare da atamfa, amma na wuce wurin da sauri).

Shi kuwa Isiya, tunda yanzu nawa ne, na ba shi tarbiyyar da ta dace. Ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Ya daina zagin 'yan kamasho. Ya kafa ƙungiyar direbobi masu kiyaye doka, yana tara su a tasha yana yi musu jawabi a kan illar gudu, cikin Hausa tsantsa wadda ko a ɗakin lacca ba a samun irinta. A bayan littafin na zana jadawali na wanda ya san me da wanda bai sani ba, don kada in yi tuntuɓe. Ban taɓa yi wa jarrabawa shiri irin wannan ba. A zaure kuma ban fasa sharhi ba, ina ci gaba da nuna wa marubuciya kurakuranta da safe, da yamma ina gyara su a gindin darbejiya.

Na lura Gwaggo ta rage dariya, wani lokaci har ta yi gyangyaɗi a tsakiyar jawabin Isiya. Na danganta abin da tsufa.

A mako na shida Zainabu ta zo gida bikin sunan 'yar maƙwabta. A ranar ne kuma marubuciyar ta sanar cewa labari ya kusa ƙarewa, tana son kowa ya aiko da ra'ayinsa ta saƙon murya. Na tafi masallaci sallar la'asar hankalina kwance. Ban san cewa Zainabu ta gaya wa Gwaggo sanarwar ba, ban kuma san Gwaggo ta ce lallai sai an kai tata gaisuwar ba.

Ina shigowa soro na jiyo muryarta, a tsanake, irin ta mai magana da babban baƙo.

"Ɗiyata mai rubutu, ni ce Hajo ta Dauran. Allah shi yi maki albarka da kinka bar mana Isiya da ransa. Ranar da motar ta kife, da kin kashe shi da ban yi kwana ba. Sai dai wa'azin nan da shike yi ma direbobi ya yi yawa, ki rage shi. Kuma wanga mai sayen masara, ban yarda da shi ba. Ɗan ƙanena ka karanta mani, mai digirin Hausa, shina nan cikinku."

Na ruga, takalmi ɗaya ya tsaya a soro. Zainabu na durƙushe gaban Gwaggo, yatsanta danne a kan wayar, bakinta buɗe, ta kasa katse ta, ta kasa gane abin da take ji. Na daka mata tsawa in ce kada ta aika. Ta firgita ta ɗage yatsa. A irin wannan saƙo kuwa, ɗage yatsa shi ne aikawa. Wato da hannun Zainabu aka ɗauka, amma da bakina aka tura.

Na ce ta goge. Gwaggo ta ce ba a goge gaisuwa, kuma tana son ta ji amsar da za a ba ta. Kafin mu gama wannan, wayar ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. A duk zauren mutum ɗaya ne mai digirin Hausa, kuma shi da kansa ya tabbatar kowa ya sani. Wata ɗaliba ta tono sharhina mai kashi uku ta maido shi ƙarƙashin saƙon Gwaggo, ta ja layi a inda na ce ya karye a hannu. Wani ya rubuta cewa ashe Malam bai tsaya a sharhi ba, ya ɗaukaka ƙara, ya zauna kujerar alƙali, ya kuma sallami mamaci. Wata ta tambaya ko zan iya dawo mata da kakanta.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ban iya ɗauka ba shi ne saƙon wani dattijo ɗan kasuwar hatsi, wanda Zainabu ta kunna bisa umarnin Gwaggo. Cikin ladabi ya yi magana, yana danne dariya: "Gwaggo, ki yi haƙuri. Isiya ya rasu tun a gada. Mun yi kukansa mun gama, har matarsa ta fita takaba."

Gwaggo ta ajiye farantin wake. Ba ta yi faɗa ba. Ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye da takalmi ɗaya, kamar tana ganina sarai, ta tambaye ni tun yaushe. Na ce mako shida. Na fara bayanin Bala da hanya da tausayi, har na soma tsara shi kashi-kashi. Ta ɗaga hannu.

"Ni da nib baro gonata da rumbuna, kai za ka ɓoye ma mutuwa? Kullum Bala ya ɗau hanya na san abin da hanya ka yi. Na ce ma mutane kai ne idona. Yau ka sa na yi magana gaban jama'a kamar wadda ba ta da hankali."

Dariyar zaure ba ta kai wannan zafi ba. Na tsaya ina duban tabarma, na gane cewa abin da na taɓa ba labarin malamar Shinkafi ba ne kawai. Tsohuwa ce ta ba ni amanar abin da ba ta iya gani, na yi amfani da ita na ci gardamar da na faɗi a wani wuri.

Na ce zan gyara, kuma da irin naci ɗaya da na ɓata na ɗaura niyyar gyarawa. Na shiga ɗaki na rubuto takardar ban haƙuri mai sakin layi huɗu. Gwaggo ta ji motsin takarda ta ce in ajiye, da baki na yi ɓarna, da baki zan biya. Ni da na sha faɗin cewa saƙon murya aikin malalata ne, na danna waya na yi magana ba shiri, ina in-ina. Na ce Gwaggo ba ta ruɗe ba, abin da aka karanta mata ta faɗa, kuma ni ne na sauya shi. Na nemi gafararta a gaban waɗanda suka ji ta, sannan na nemi ta marubuciya. Marubuciyar ta aiko wa Gwaggo doguwar gaisuwa, ta ce ba ta da mai sauraro kamarta, tunda har ta gano mai sayen masara. Ni kuma ta rubuto mini: "Na gode, Malam."

Washegari muka koma kashi na goma sha tara. Na karanta shi yadda yake, ban taɓa ko waƙafi ba. Da aka zo gada Gwaggo ta yi salati, ta yi kuka sosai, ta roƙa wa Isiya rahama. Sannan ta sa aka kira mata Bala, ta ce ya duba tayoyinsa kafin ya yi lodi. Kwana tara muka yi muna bin kashi shida-shida har muka cimma jama'a, ba ta yi gyangyaɗi ko sau ɗaya ba. A rana ta uku, bayan wani wuri da Hansatu ta wanke 'yan kamasho tas a kasuwa, ta yi dariya har da tari, ta ce yanzu ta ji magana irin ta mutane. Ta ƙara da cewa a makonnin nan ta ɗauka ciwo ne ya kama yarinyar Shinkafi ya taɓa mata basira, har addu'ar samun sauƙi take yi mata bayan kowace salla.

Wannan shi ne sharhi mafi gajarta da aka taɓa yi wa aikina, kuma ban sami abin ƙaryatawa a cikinsa ba.

Har yau ni ke yi mata karatu. Ta mayar mini da muƙamina, amma da sharaɗi: duk inda na ɗan dakata, ko don in haɗiye yawu ne, sai ta karkato kai ta ce, "Hakanan anka rubuta, ko kai ne?" Nakan amsa cikin ladabi, domin ni na jawo. Abin da na koya shi ne, idan aka ɗauke ka aikin ido, ka tsaya a gani, kada ka ƙara wa kanka matsayi. Littafin mai shafi tamanin kuwa bai tashi a banza ba. Gwaggo ta karɓe shi tana ƙulla daddawa da shafukansa, kuma ta shaida mini cewa jawabin Isiya a kan illar gudu ya fi kowane shafi riƙe ƙulli.