Farin Manton Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da wani bikin suna a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, ba, ko da zan so in manta.

Lokacin ina karatu a Lyon, kaina cike da tsoffin tatsuniyoyin rikiɗa. Daga Indiya har ƙasashen Turai labarin kusan ɗaya ne: farar tsuntsuwar ruwa ta tuɓe rigar gashinta ta zama budurwa, saurayi ya ɓoye rigar, ta kasa tashi, ta zauna da shi. Na karanta su har na fara gaishe da tsuntsayen tafki.

Ran sunan, baƙi suka zo daga Paris. Cikinsu akwai Ramatu, rataye da farin manto, doguwar rigar sanyi mai laushi, a hannu. Ana zuba dusar ƙanƙara a bayanta, fitila na haska fuskarta. Wallahi sai na ji kamar yanzu ta sauko daga sama. Na kamu. Ga shi da la'asar za su koma, ni kuwa ko sannu na kasa ce mata.

Sai na tuna karatuna. Na lallaɓa ɗakin da aka jibge riguna bisa gado, na cusa farin manton cikin jakata. (Ba sata ba ce, ilimi ne.) Nufina a ɗan yi nema, jirgin ƙasa ya wuce, in sami bakin magana.

Da tafiya ta tashi, Ramatu ta zura wani baƙin manto. Gwaggonta Hajiya Zali, 'yar kasuwar unguwar Goutte d'Or ta Paris, ita ta fito tana faɗa:

"Ina farin mantona? Tikitina da wayata duk suna aljihu!"

Ashe riƙe mata kawai yarinyar ta yi.

"Tanti, bari in kira lambarki," in ji Ramatu.

Ta danna lambar. Jakar da ke bisa cinyata ta fara kiɗa. Na so in rikiɗe in zama ko ƙadangare ne, amma babu tatsuniyar da ta koya mini yadda ake yi.

"Ɗana," Hajiya ta ce a hankali, "sanyi kake ji, ko aljanu gare ka?"

Ramatu ta bi sauran baƙin da gudu, tana dariya har da hawaye. Hajiya, mai ciwon gwiwa, ta rasa jirgi. Ni aka ɗora wa rakiyarta washegari, ina ɗauke da kayanta, tana yi mini wa'azi har tasha.

Tatsuniya dai ba ta yi ƙarya ba: wadda na ɓoye wa riga ta zauna da ni. Amma in za ka ɓoye gashi, fara tambayar na wace tsuntsuwa ne.