Janar Gwangwan da Matattun Bama-bamansa

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa Jibiya baiwa da su, sai a fara da Alhaji Zunnuraini, a huta, sannan a ci gaba. Mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin sani. Sana'arsa sayen tsofaffin ƙarafa, amma a allon ƙofar filinsa an rubuta "Masanin Harkokin Tsaro". Wannan ilimi ya same shi ne a shekara biyun da ya yi yana kai burodi bakin bariki, inda ya koyi sara wa mutane da buga ƙafa. Tun daga nan yake tafiya kamar mai duba fareti, ko masallaci za shi. 'Yan acaɓan tashar Maraɗi suka sa masa Janar Gwangwan. Da labari ya kai masa, ya karɓi rabin farko, ya bar musu sauran.

A daminar bara, sojojin da suka yi zango a wani fili kan hanyar ƙauyen Kusa suka tashi. Suka bar ƙonannun motoci biyu, da karyayyun bindigogi, da tarin wasu ƙarafa masu kama da gajeriyar taɓarya, kowanne da fikafikai a gindi. Wani jami'i da motarsa ke jira ya sa hannu a tsaye, ya ba Alhaji aikin kwashewa. Takardar ta ce kada a taɓa komai sai ƙwararre ya duba. Alhaji ya karanta sau biyu, ya gane da shi ake.

Ranar duba kaya ya sa baƙin tabarau da hular da ta yi kama da ta soja in an hango daga nesa. Ya ɗauki taɓarya guda, ya kara a kunne, ya girgiza kamar mai zaɓen kankana.

"Wannan ta mutu," ya ce. Ya shuri ta biyu da takalmi. "Wannan ma ta mutu. Ku leburori ba ku san kimiyya ba. Bam mai rai yana da zafi a jiki. Ku taɓa ku ji, sanyi ƙalau. Ku loda!"

Maigadin filinsa, wani tsohon soja mai suna Arzika, ya matso yana ɗingishi.

"Alhaji, waɗanga ba kwanso ba ne. Dubi hancinsu, yana nan. Wanda aka harba ya ƙi tashi ya hi kowane mugunta."

"Baba Arzika, da wane muƙami ka bar soja?"

"Kofur."

"To kofur ba ya gyara wa Janar magana."

Aka loda, aka sauke kayan a filin Alhaji. Arzika ya naɗe tabarmarsa ya koma gindin wata bedi can nesa, daga nan yake gadin filin da ido.

Babu wanda ya taɓa zargin Alhaji da rowa, musamman a kan abin da ya samu a banza. Karyayyun bindigogin ya sayar wa wasu baƙi uku da suka zo kan babura, fuska a rufe da rawani. Ba su taya ba, ba su faɗi sunansu ba. Alhaji ya yi kwana uku yana yaba halinsu, yana cewa irin waɗannan mutanen kirki sun yi ƙaranci a kasuwa. Taɓaren kuwa ya raba su sadaka. Ya ba makarantar unguwa guda a rataye ta zama ƙararrawa. Ya ba Hajjo mai tuwon tasha uku ta yi murhu, ya ce duwatsu ba su dace da zamani ba. Ya ba direbobin manyan motoci na tare taya. Manu maƙeri, wanda ke ƙera wa manoman Farfaru fartanya, ya samu biyu. Manyan guda biyu Alhaji ya sa aka shafa musu fenti, aka kafa su dama da hagu a ƙofar gidansa, don duk mai wucewa ya san gidan wa yake wucewa.

Ranar wata Laraba Manu ya tura tasa guda cikin garwashi, ya zuga, ya fita bakin rumfa zai yi alwalar azahar. Butar ce kawai aka samu inda ya ajiye ta. Rumfar ta tashi, jakin wani manomi da ke ɗaure a jikinta ya mutu nan take, shi kuma Manu aka tsince shi cikin kwata, yatsu biyu babu, jini na fita ta kunnuwansa. Ya rayu. Amma da matarsa Rabi'a ta riƙe kansa a asibiti tana kiran sunansa, bakinta kawai yake kallo.

Kafin ƙura ta lafa Alhaji ya iso wurin, ya hau kan turmi ya fuskanci jama'a.

"Jama'ar Jibiya, ku kwantar da hankalinku, ina nan. Binciken da na gudanar daga mota zuwa nan ya nuna wannan aikin maƙiya ne daga tsallaken iyaka. Na daɗe ina faɗa ba a ji. Ina kira a kafa kwamiti, kuma duk da yawan ayyukana, na amince in shugabance shi."

Yana cikin amincewa, Arzika ya hau acaɓa ya tafi ya kai rahoto.

Washegari masu kwance bam suka iso, ƙarƙashin wani matashin hafsa mai ƙarancin magana. Ya tambayi Alhaji guda nawa ya kwaso. Alhaji ya ce manya ba sa ƙidaya. Ya tambaye shi wa da wa ya ba. Alhaji ya ce sadaka ba a tona ta. Ya tambayi bindigogin. Nan Alhaji ya tuna bai yi walha ba, ya shige gida ya sa sakata.

Aka sa mai shela ya zaga gari: duk wanda ke da ƙarfen Alhaji Zunnuraini, bam ne, kada ya taɓa, ya nuna wurin. Sai dai mutum in an ce masa bam ne a ƙarƙashin tukunyarsa, ba ya tsayawa jin ƙarshen shela. Hajjo ta kwashe murhunta cikin baro, ta shimfiɗa musu tsumma kamar jarirai. Shugaban makaranta ya kwance ƙararrawar da aka yi wata biyu ana duka da guduma. Direbobi suka zo da nasu. Kowa ya san mai kaya, kowa ya san gidansa, ga alama har biyu a ƙofa. Allah ya tsare, ko ɗaya bai tashi a hanya ba. Kafin la'asar an jera goma sha tara a bakin zauren Janar, shi yana ciki yana ƙailula.

Hafsan ya zo ya gani, ya dafe kai. Ya ce an jijjiga su da yawa, ba mai sake ɗaga su. A nan za a tashe su. Aka kwashe unguwa. Iyalan Alhaji suka fice ta tsani ta katangar baya. Shi kuwa da ya leƙo zaure ya ga jerin, sai ilimin kimiyya ya gudu ya bar shi.

"Ranka ya daɗe," hafsan ya kira daga nesa, "ai an ce ka duba su, matattu ne. Tsallako kawai."

Janar bai tsallako ba. Ya gwada tsani, matakala ta uku ta karye. A ƙarshe ta ƙofar garken awaki aka fito da shi, da rarrafe, Arzika na jan hannu, sojoji biyu na turo sauran. Mutanen gari na tsaye bayan igiya suna kallo, ba wanda ya sara masa.

Aka jera buhunan yashi, aka ja waya, aka danna. Ƙarar har garin Magama an ji ta. Zaure ya zauna, ƙyauren ƙarfe ya sauka a gonar maƙwabta.

Da 'yan sanda suka ɗora shi bayan mota, Alhaji ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe kashin awaki daga babbar rigarsa, ya ɗaga hannu.

"Ku shaida, jama'a! A ƙofata aka tattara su, a ƙofata aka hallaka su. Na sadaukar da zaurena don tsaron ƙasa. Tarihi ba zai manta ba!"

Direba ya rasa makulli, don haka jawabin ya kai rabin awa. A lokacin aka dawo da Manu daga asibiti kan amalanke, hannu a naɗe. Ya kalli bakin Alhaji yana buɗewa yana rufewa, ko kalma ɗaya ba ya ji. Duk faɗin Jibiya, ranar nan shi kaɗai aka yi wa hassada.