Juma'ar Da Na Ba Bango Haƙuri

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na durƙusa a gaban bango ina roƙonsa gafara ba. Bangon siminti fa, fari tas, ba kunne ba baki. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina cikin Keke Napep sai in rufe fuska da tafin hannu, mai keken ya waiwayo yana tambayata ko lafiya.

Lokacin watana biyu da samun aiki a wata ƙungiyar agaji da ke haya a wani tsohon gida a Jiddari Polo. Gidan wani attajiri ne da ya daɗe da barin gari, kuma a can ƙuryar baya ya gina ɗakin wasan sukwash. Wani Bature da ya taɓa aiki a wurin shi ya ɗaura raga a tsakiyar ɗakin, ya koya wa ma'aikata wani wasa da yake kira walibol. Ƙwallon raga ne dai, sai dai a cikin ɗaki ake yin sa, kuma an yarda ka maka ƙwallon a bangon gefe ya karkace ya faɗa wa abokan karawarka ta inda ba su zata ba. Baturen ya tafi, wasan ya zauna. Mu ƙwallon bango muke ce masa.

Bakina ne ya ja mini. Wata Litinin muna cin abinci, shugaban sashenmu na sito, Oga Bukar, yana ta ƙorafi cewa direbobi sun lallasa mu sau uku a jere, ga shi ranar Asabar za a sake haɗuwa. Ni kuwa sabon ma'aikaci mai neman shiga, ban san lokacin da na ce ai ni na buga wa jami'armu ƙwallon raga ba, har kyaftin na yi. (Gaskiyar magana, a gefen fili nake zama, shi ma don ranar 'yan mata ne ke wasa.) Oga Bukar ya ajiye cokali ya kama hannuna da hannu biyu.

"Alhamdulillahi! Ashe maganin direbobi yana cikin sito ban sani ba. Asabar kai ne a gaba."

Kwana biyar gare ni in koyi abin da na ce na ƙware a kai, kuma ba tare da kowa ya gani ba. In ƙaryar ta fito, da wane ido zan kalli mutumin da zai sa hannu a takardar tabbatar da ni a aiki? Na yanke shawarar in riƙa sulalewa ɗakin da tsakar rana, lokacin hutun Azahar, sa'ad da zafin Maiduguri ke kora kowa gindin fanka.

Da na je karɓar makulli wurin Falmata, mai kula da ofis, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Wushe, sannu da ƙoƙari, kyaftin. Kai kaɗai za ka shiga? Da tsakar rana? Ko masu gadi ba sa bi ta wurin nan a irin wannan lokacin."

Na yi mata dariyar masu digiri. Na ce ni fa ban yarda da waɗannan tatsuniyoyin ba, duk abin da ya tsorata mutum yana da bayani a kimiyyance. Har da ɗaga yatsa na faɗa.

Sai ka shiga ɗakin nan za ka gane. Bango huɗu dogaye, ba taga ko ɗaya, sai wasu 'yan ramukan iska can sama a bangon ƙurya. Ƙofar ƙarama ce, in ka rufe ta sai ta saje da bango, mariƙinta ma a lotse yake don kada ya ji wa ɗan wasa ciwo. A samanta akwai wani ɗan bene mai duhu inda 'yan kallo ke tsayawa. Fitila ɗaya ce ke aiki, ita ma tana kyaftawa. Ko tari ka yi sai ɗakin ya maimaita maka.

Na sa bangon ƙurya a gaba na fara dukan ƙwallo. Ya dawo ya same ni a hanci, ya dawo ya same ni a ciki, ni dai ina ta yi. Na yi kamar minti ashirin na tsaya in numfasa, ƙwallon yana hammatata.

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Daga cikin bangon. Sau uku, a hankali, da tazara iri ɗaya. Na dubi ƙwallon da ke hammatata, na dubi bangon. Na ce wa kaina amsa-kuwwa ce. (Amsa-kuwwar da ta jira na huta tukuna.) Na sake buga ƙwallon sau ɗaya na cafke. Shiru. Har na fara murmushi, sai bangon ya sake ba ni uku. A iya sanina babu komai a bayan wannan bangon, don in ka biyo ta titi itatuwan dalbejiya kawai kake hangowa. Na tattara takalmana na fito ban ko kashe fitila ba.

Talata na koma, don tsoron Oga Bukar ya fi ƙarfin wancan. Na shiga da bismilla, na karanta Ayatul Kursiyyu, ni da na gama yi wa Falmata lacca. Ban yi minti biyar ba bugun ya fara, wannan karon da ɗan ƙarfi. Da na tsaya cik sai na ji wani abu ƙasa-ƙasa yana gangarowa ta ramukan iskar nan, kamar mutum yana ƙirga wani abu a ransa, ba ya gajiya, ba ya ɗaga murya. Gumin da ke bayana ya koma sanyi.

Laraba ce ta gama da ni. Ina cikin bugu sai na ji kuka. Ba ihu ba, irin kukan nan na wanda ya gaji da kuka, mai fita da ajiyar zuciya. Sai wata murya siririya, tsohuwa, ta ja suna.

"Moduuu... Modu..."

Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya. Duk labaran da kakata ta ba mu a Bolori suka dawo mini lokaci ɗaya: masu zama a gidajen da aka ƙaurace wa, masu fitowa shan iska da tsakar rana da 'ya'yansu, da mutumin da ya watsa ruwan zafi ba bismilla ya ƙona musu jariri, aka wayi gari bakinsa ya karkace. Na tabbata na maka wa ɗan aljani ƙwallo, sunansa Modu, ga uwarsa nan tana kiransa bai amsa ba. Na juya in fita, ƙofa ta ɓace. Ina ta shafa bango da hannu biyu ina salati, sai da na zagaya kusurwa guda kafin yatsana ya faɗa cikin mariƙin. Ranar sau huɗu ina duba bakina a madubin banɗaki.

Alhamis ban shiga ba. Na je teburin Falmata ina wasa da abin huda takarda, na ce wani abokina ne yake tambaya, wai in mutum ya ɓata wa mutanen ɓoye bisa kuskure, yaya ake yi.

Ko murmushi ba ta yi ba. "Abokin naka ya koma inda ya yi laifin. Ya yi sallama, ya rusuna, ya ajiye musu dabino. Kuma ya faɗi gaskiyar abin da ya kai shi, don ba abin da suka tsana irin ƙarya. In ya ɓoye ko kaɗan, sun sani." Ta ci gaba da rubutunta, sannan ta ƙara da cewa, "Ka gaishe da abokin."

Na san abin ba ya cikin addini, na san ba ya cikin boko. Amma ga Asabar ta matso, ban iya ko buga ƙwallo ya haye raga ba, kuma ba ni da wani wurin koyo. Ranar Juma'a ana tashi da wuri. Da aka sauko daga masallaci na sayi dabino cikin leda, na koma ofis ba kowa sai mai gadi a bakin get, na shiga ɗakin na ja ƙofa.

Na buga ƙwallon sau uku, wai ƙwanƙwasa ƙofa ke nan. Bangon ya amsa. Na zube a kan gwiwoyina, da farar shaddata ta Juma'a da hula, na shimfiɗa hankici na jera dabino bakwai.

"Assalamu alaikum, bayin Allah na cikin bango," na ce, ɗakin yana ninka muryata. "Ni baƙo ne, ban san da ku a nan ba. In na ji wa Modu ciwo, don girman Allah ku yafe mini, Allah ya ba shi lafiya. Wallahi ba da gangan ba ne, ban iya wasan ba ne. Ƙarya na yi wa Oga Bukar. Ban taɓa buga wa jami'a ba, ban taɓa yin kyaftin ɗin komai ba, ko na aji. Ku ba ni yau kawai in koya, gobe in fita kunya. Kuma don Allah ku bar mini bakina yadda yake, ban yi aure ba."

Sai aka yi gyaran murya. Ba daga bango ba, daga sama, a bayana.

Ihun da na kurma, mai gadi ya ce har bakin get ya ji. Na yi tsalle na faɗa cikin raga, hulata ta yi nata wuri, dabino ya watse. Ina kwance a nannaɗe na ɗaga kai. A kan benen 'yan kallo ga Oga Bukar tsaye, ya toshe baki da hannun riga kafaɗunsa suna girgiza. Kusa da shi wani dogon mutum ne mai furfura a gemu, ya kai shekara hamsin, shi ko alamar dariya babu a fuskarsa.

"Malam," in ji mutumin, "ni ne Modu. Lafiyata ƙalau."

Ashe akwai gida a bayan bangon, ƙofarsa ta wani lungu take. Mahaifin Malam Modu ya rasu kwana goma sha biyu da suka wuce, mahaifiyarsa Ya Kellu ta shiga takaba, aka mayar da ita ɗakin marigayin, wanda gadonsa ke jingine da bangon da na sa a gaba. Tun rasuwar ba ta iya barcin dare, sai bayan Azahar take ɗan samun runtsawa. Daidai lokacin da kyaftin ke atisaye. Mai takaba ba ta fita, ba ta tsayawa cacar baki da baƙon namiji ta kan katanga, don haka ta ɗauki sandar mijinta tana ƙwanƙwasa mini. Ƙirgen da na ji carbinta ne. Ba ta so a tayar da magana da maƙwabta ana cikin zaman makoki, sai da abin ya ishe ta ta faɗa wa ɗanta, shi kuma ya tari Oga Bukar a masallaci. Sun hau benen ta matakalar waje ne don su ga wane mara imani ne wannan.

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Oga Bukar ya sauko yana share hawaye, ya warware ni daga raga.

"Tun ɗazu da na ga yadda ka riƙe ƙwallo kamar kankana na san ba ka iya ba," ya ce. "Amma ban zaci sai aljanu za ka faɗa wa gaskiya ba. Tashi, ɗauki hularka. Gaisuwa za mu."

Wannan tafiyar ta fi ihun ciwo. Muka zagaya ta lungun, muka wuce mutane a kan tabarmi a ƙofar gida, aka kai ni bakin wani ɗaki mai labule. Na tsuguna a waje. Ta gefen labulen ina hango gado, da bangon, da wani hoton Ka'aba da ya karkace, ƙasansa duk ɓarɓashin fenti.

"Mama, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba. Ni ne mai bugun. Ki yafe mini."

Sannan muryar nan da ta hana ni barci ta fito, a gajiye, ba faɗa a cikinta.

"Na yafe, ɗana. Na ji bayaninka duka ta ramin nan, Allah ya ba ka mata tagari." Wata mata a cikin ɗakin ta ƙyalƙyale da dariya aka tsawatar mata. "Amma kwana nawa ina buga maka. Na ce yau zai zagayo ya ga ko wane ne, gobe zai zagayo. Ba ka zo ba."

Idona ya cika, kuma wannan karon ba tsoro ba ne, kunya ce tsagwaronta.

An ɗage wasan har Ya Kellu ta fita takaba. Oga Bukar ya sa hannu a takardata, amma sai da ya sa na maimaita jawabin a gaban 'yan sito, Falmata, wadda ya riga ya ba labarin kaf, tana gyara mini inda na tsallake. Da aka dawo wasa, aikin ƙirga maki aka ba ni, kuma direbobi sun ci gaba da cin mu.

Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. In ka ji ana ƙwanƙwasa maka daga bayan bango, kafin ka sayi dabinon aljanu, sa takalminka ka zagaya. Sau da yawa mutum ne, kuma ya daɗe yana jiranka.