Bawul a Ƙirjin Abokin Surukina

Ɗaliban likitanci aka turo asibitina a Kwamba, na yini ina cika musu baki cewa kunnena ba ya kuskure. Sai ga wani dattijo, abokin surukina. Kunya ta hana ni cewa ya tuɓe riga, na ɗora abin sauraron ƙirji a kanta. Na ji ƙas-ƙas-ƙas.

"Ku matso," na ce. "An taɓa yi masa aikin zuciya, an sa masa bawul na ƙarfe, shi ke wannan ƙara." Suka saurara, har da gyaɗa kai.

"Ni, ɗana?" in ji Baba. "Ko allura ba na so." Ya zaro agogon da ya jefa a aljihun gaba lokacin alwala.

Ɗaliban sun tafi, amma har yau in na tambayi lokaci, sai nas ɗinmu Rifkatu ta miƙo min abin sauraron ƙirji.